Yadda zaka sa maus ya riƙa danna kansa da Python, ka kunna ka kashe da maballi ɗaya

In kana da aikin da sai ka yi ta danna wuri ɗaya har yatsa ya gaji, to Python, yaren rubuta umarnin kwamfuta, zata iya maka. Amma fa tun kafin ka fara ka sani, wahalar ba a dannawar take ba, layi ɗaya ne wannan, wahalar tana wajen tsayar da shi. Maus ɗin da ke danna sau 10 a daƙiƙa ba zai bari ka kai hannu ka rufe tagar ba, duk inda ka ja shi can zai danna, ko ya rufe maka fayil ko ya buɗe abin da baka nufa ba. Shi ya sa maballin kashewa shi zaka fara tanada.

Ka buɗe taminal, tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta pip install pynput don sauke pynput, kayan aikin Python na sarrafa maus da kibod. Sai ka ajiye wannan a fayil, ka sa masa suna danna.py:

```
import time, threading
from pynput.mouse import Controller, Button
from pynput.keyboard import Listener, Key

maus = Controller()
a_kunne = False

def danna():
    while True:
        if a_kunne:
            maus.click(Button.left)
        time.sleep(0.1)

def saurara(maballi):
    global a_kunne
    if maballi == Key.f6:
        a_kunne = not a_kunne
    elif maballi == Key.esc:
        return False

threading.Thread(target=danna, daemon=True).start()
with Listener(on_release=saurara) as s:
    s.join()
```

Sai ka rubuta python danna.py, ka kai maus inda kake so, ka taɓa F6. Ka sake taɓawa ya tsaya. Esc kuma ta rufe danna.py ɗin gaba ɗaya.

Abin da ke faruwa a ciki aiki biyu ne a lokaci guda, ɗaya yana ta zagaye yana duba ko a_kunne gaskiya ne ya danna, ɗayan kuma ya kasa kunne a kibod kawai, da an haɗa su aiki ɗaya mai zagayen nan ba zai taɓa barin kowa ya yi magana ba, amfanin threading ke nan, wato raba su kowa ya yi nasa. Ka lura on_release (lokacin da ka saki maballi) na sa ba on_press (lokacin da ka danna shi) ba. In ka ɗan daɗe da yatsa a kan F6 kwamfuta tana maimaita dannawar, sai abin ya riƙa kunnuwa yana mutuwa, ka rasa a wane hali ya tsaya.

Kar ka cire time.sleep ɗin nan don wai kana son gudu, zai cinye maka furosesa kuma manhajoji da yawa ma basa karɓar danna mai sauri haka. 0.1 ya isa, in ya kama ka mai da shi 0.05.

Masu Mac sai kun ba taminal izini a Accessibility cikin saitin tsaro, in ba haka ba kod ɗin zai tashi lafiya amma ba abin da zai motsa. A Linux kuma, cikin tsarukan nuna tagogi a allo, pynput ya fi jituwa da X11, Wayland kan kawo cikas. Wanda yake Windows kaɗai yana iya duba manhajar AutoHotkey, shi don irin wannan aka yi shi.

A wasannin onlayin kam ka yi hattara, da yawansu sun haramta danna ta atomatik a dokokinsu kuma suna rufe akawun a kai. Gwajin farko ka yi shi a kan fanko, kamar shafin Notepad da ba komai a ciki.