Shirin tafiya Indiya neman magani daga Kaduna

1. Fara da likitanka, ko a Barau Dikko ko Asibitin 44. Karɓi rahoton ciwon da sakamakon gwaje-gwaje, hotunan kuma a sa maka su a faifai.

2. Tura su asibitin can da kanka ta imel, su aiko da ƙiyasin kuɗi a rubuce. Ka tambaya dalla-dalla: har da gado, magani da kwanakin jinya bayan tiyata? Nan dillalai ke tsuga wa mutane kuɗi, araha ta koma tsada.

3. Da takardar gayyatar asibitin ake neman bizar magani. Mai jinya ma sai da tasa. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6.

4. Yi rigakafin cutar shawara, katin ya zauna cikin fasfo, don za a tambaya.

5. Hau jirgin ƙasa a Rigasa zuwa Abuja tun ana gobe tashi.