Yadda Ake Lissafin Nisa da Tsawon Tafiyar Jirgin Sama Tsakanin Birane Biyu

Da ɗan lissafi kaɗan za ka iya sanin awa nawa za ka yi a sama tun kafin ka sayi tikiti. Bari mu gwada da Landan zuwa New York.

Da farko, tantance filin jirgin da za ka tashi da wanda za ka sauka, domin babban birni yakan mallaki fiye da ɗaya. Landan na da Heathrow da Gatwick da Stansted. Kowane fili na da haruffa uku da ake gane shi da su: LHR na Heathrow ne, JFK kuma na New York. Saka su a shafin lissafin nisa a intanet, zai nuna maka kimanin kilomita 5,550. Ka duba ma'aunin da kyau, don mil ɗaya kilomita 1.609 ne, amma mil ɗin da matuƙa ke amfani da shi kilomita 1.852 ne.

Kada lanƙwasar hanyar a taswira ta ruɗe ka. Duniya a mulmule take, saboda haka hanya mafi kusa takan bi ta arewa, ta saman Ireland da gabashin Kanada. Ɗora zare a kan ƙwallon taswirar duniya, ka ja shi daga wannan birni zuwa wancan, za ka gani da idonka.

Sai ka raba nisan da gudun jirgi. Manyan jiragen fasinja na yin kilomita 850 zuwa 900 a awa. Raba 5,550 da 850, ka samu awa shida da rabi. Ƙara rabin awa na tashi da sauka da gangarawa a titin filin, ya zama bakwai.

Daga nan sai maganar iska, wadda mutane da yawa ke mantawa da ita. Can sama akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas. Mai zuwa New York gaba da gaba yake da ita, shi ya sa tafiyar kan kai awa takwas, dawowa kuwa iskar ke tura jirgin, sai a yi ta cikin bakwai ko ƙasa da haka. Nisan bai canza ba ko kaɗan. A lokacin sanyi bambancin ya fi fitowa.

Agogo ma yakan rikita lissafi. Lokacin da ke kan tikiti na garin da abin ya shafa ne. Jirgin da ya bar Landan ƙarfe 10 na safe ya sauka ƙarfe 1 na rana ba awa uku ya yi ba. New York na bayan Landan da awa biyar, jimla takwas ke nan.

Abu na ƙarshe, bincika ko an rufe wata sararin samaniya a hanyar. Tun 2022 jiragen Tarayyar Turai ba sa ratsa Rasha, tafiyar Helsinki zuwa Tokiyo ta ƙaru da kusan awa huɗu. In kuma akwai yada zango, lissafa kowane zango daban, sannan ka haɗa da awannin jira.