Sayar da Tsohon Jirgin Ruwa a Legas: Da Kanka ko ta Hannun Dillali?

Ɗan'uwa da ka sauka Legas ba da jimawa ba, idan kana da jirgi mai inji da kake son rabuwa da shi, ko saya ka yi don haya abin bai karɓe ka ba, ko a bakin bashi aka ba ka, kada ka ɗauka cinikinsa irin na babur ne a Agege. Masu sayen jirgi ba su da yawa, kuma sun san juna. Suna bakin ruwa, a Ebute Ero, da Ipakodo ta Ikorodu, da Liverpool a Apapa, da Badore, har Epe da Badagry. Galibinsu a cikin sana'ar suka tashi, kai kuwa da ka buɗe baki za a gane baƙo ne.

Kuɗin jirgi a injinsa yake. Gangar jikin fayiba ko ta tsage ana liƙe ta, amma ruwan Legas da gishiri, yana cin ƙarfe a hankali. Mai saye na gaskiya da makanikinsa zai zo. Zai cire murfin injin ya duba fulogi, ya kwance man giya na ƙasa ya ga ko ya koma fari-fari, alamar ruwa ya shiga. Zai tayar da injin ya tsaya yana kallon ɗan ruwan nan na sanyaya injin da ke tsartowa ta baya, sannan ya shafa farfela ko ta lanƙwashe. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuwa, tambayar farko ita ce yaya shan mansa. Injin Yamaha ya fi saurin shiga, domin kayan gyaransa da masu gyaransa suna ko'ina.

Idan da kanka za ka sayar, la'adar ta zauna a aljihunka, wannan gaskiya ne. Ka ɗauki hoto ka sa a Jiji, shafin saye da sayarwa na intanet, ko Facebook, ka jira. Sai dai jiran ba kyauta ba ne: kuɗin ajiya a kwata, wato tashar jiragen, yana tafiya, na maigadi ma haka, kuma duk wanda ya ce a zagaya da shi ya ji lafiyar injin, manka ake ƙonawa. Ga masu turo alat na bogi. Kada ka sake jirgi sai ka ga kuɗin da idonka a asusunka, kuma kada a fita gwaji sai da kai ko mutuminka a ciki, da rana, kowa da rigar kariya daga nutsewa.

Ni dai shawarata ga sabon zuwa, ya nemi dillali. Shi ya san wanda injinsa ya buga jiya, da wanda ke neman ƙara jirgi a layin Ikorodu, kuma da Yarbanci zai yi cinikin. Amma a nan ne nake jin tsoro ga 'yan'uwa. A gida mun saba dillali ya haɗa hannun mai saye da mai sayarwa, a taya, a ce albarka, a ƙara, har a sallama, kowa ya san la'adarsa. A Legas sau da yawa ba haka ba ne. Ka faɗa masa kuɗinka, ya ɗora nasa a kai ba ka sani ba, ya miƙa wa wani dillalin, shi ma ya ɗora. Kafin maganar ta isa kunnen mai saye farashin ya kumbura, jirginka na zaune yana tsatsa, kai kana cewa babu kasuwa.

Saboda haka a rubuta komai tun farko: nawa ce la'adar, wa zai biya, sati nawa ka ba shi. Kuɗi kai tsaye zuwa asusunka, takardun asali a hannunka, shi kwafi kawai. Kuma lallai ka ga mai sayen ido da ido. Dillalin da ya ƙi wannan, ka sallame shi. Ka nemi wanda shugabannin masu jirage na kwatar suka sani, ko ka bi ta fadar Sarkin Hausawan unguwarku a haɗa ka da mai amana. Wanda ya daɗe a bakin ruwa, ko ƙaramin kwale-kwalen katako gare shi, ba ya buƙatar duk wannan.

Sai takardu. Rasidin inji mai ɗauke da lambarsa ya fi komai, domin ana satar injuna, kuma babu mai hankalin da zai sayi wanda ba a san asalinsa ba. Ka haɗa da takardun rajistar hukumomin kula da hanyoyin ruwa, wato NIWA ta tarayya da LASWA ta jihar Legas, idan jirgin haya ne. Aibin da ka sani ka faɗe shi, a sa a cikin yarjejeniyar gaban shaidu, don ɓoye shi haramun ne. Bayan an biya, ku je tare a sauya suna. In ba haka ba, ranar da jirgin ya yi hatsari, Allah ya kiyaye, kai za a nema.