Yadda Ake Harba Rokar Ruwa da Ɗaliban Firamare

Roka tana tashi ne don tana feso abu ƙasa da ƙarfi, shi kuma abin ya tunkuɗa ta sama. Wannan ita ce doka ta uku ta motsi da masanin kimiyya Isaac Newton ya wallafa a 1687, kuma robar lemo mai lita 2 ta isa ta nuna wa yara ita a filin makaranta.

Sai dai robar ta zama ta lemo mai gas, marar tsaga. Ta ruwan sha ba ta da kauri, fashewa take yi. A tanadi famfon keke, wanda ke da agogon awo ya fi, da allurar hura ƙwallo, da matoshin da zai kama bakin robar gam, da kwali, salatif, da yumɓu kamar giram 50.

A soka allurar ta ratsa matoshin har tsininta ya leƙo, in matoshin ya yi tsawo a rage shi. Bakin robar shi ne ƙasan roka. A yanka fikafikai uku ko huɗu masu girma ɗaya, a liƙa su kusa da bakin, tazara daidai. Yumɓun kuma a manna shi a gindin robar, wanda yanzu ya zama kai, a rufe da hular kwali mai tsini.

A zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku, wajen mililita 650, a toshe, a haɗa allurar da famfon, a kifa ta a kan wani mazauni da zai riƙe ta tana kallon sama. Yara su ja baya mita 10, kada kowa ya leƙa kanta, domin matoshin ba ya sallama kafin ya fita. Babba ne zai yi famfo, kuma kada ƙarfin iskar ya wuce psi 60, wato ma'aunin da agogon famfon ke nunawa.

In ruwa ya yi yawa, sai ta ɗan ɗaga ta faɗi tana tsiyaya, iskar ta ƙare kafin ta gama korar ruwan. In ya yi kaɗan, ƙara kawai za a ji, ba nisa. A nan ne ya dace malam ya faɗa wa yara cewa ruwan shi ne man wannan roka, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na nauyin Saturn V, rokar da ta kai mutane wata a 1969, mai ne. Wadda ke wuntsila gudidi a sama kuwa kanta ne bai yi nauyi ba. A ɗaura zare a inda take daidaita, a juya ta a iska: in ba kai ne a gaba ba, a ƙara yumɓu.

Kowane rukuni ya canza abu ɗaya tak a kowane harbi, ko ruwa ko fikafikai, ya rubuta daƙiƙoƙin da ta yi daga tashi zuwa faɗuwa. A ninka adadin da kansa, sannan da 1.2. Daƙiƙa 4 na nufin ta kai kimanin mita 19.