Yadda za ki haɗa kek ɗin baƙar tukunya mai koren ciki don daren kallon The Black Cauldron

Akwai wani katun na Disney da su kansu Disney ɗin suka yi shekara da shekaru ba sa son a tayar da zancensa, sunansa The Black Cauldron, ya fito a watan Yulin 1985, kuma sai a 1998 suka yarda suka sake shi a kaset ɗin bidiyo a Amurka. An ce ya ci kuɗi kusan dala miliyan 44 amma abin da ya dawo da shi a Amurka kimanin miliyan 21 ne kawai, har wani ƙaramin katun na yara, The Care Bears Movie, ya fi shi ciniki a wannan shekarar, abin kunya wallahi. Ni dai a ganina ba don fim ɗin ba shi da kyau ba ne, tsoronsa suka ji. Babu waƙa ko ɗaya da wani ya rera a ciki, shi ne katun ɗinsu na farko da aka ba alamar PG wato yara su kalla tare da iyaye, kuma sabon shugaban sashen fina-finansu a lokacin, Jeffrey Katzenberg, da ya ga yadda abin yake sai ya sa aka datse kimanin minti 12 daga ciki.

Labarin daga littattafan Lloyd Alexander aka ɗauko shi, shi kuma daga tatsuniyoyin mutanen Wales ya tsinto nasa. Wani yaro ne Taran, mai kiwon wata aladiya da ake kira Hen Wen (eh aladiya, kar ki ɓata fuska, zane ne) wadda in ta tsoma hancinta a kwanon ruwa sai a ga abin da ke ɓoye. Shi kuma Sarki Mai Ƙaho, wanda John Hurt ya yi wa murya, yana neman wata baƙar tukunya da in aka jefa gawa a ciki sai rundunar matattu ta tashi, wani koren hayaƙi na malala daga bakinta yana bin ƙasa. To wannan tukunyar da wannan koren hayaƙin su za mu dafa, kek ne na cakulan baƙi ƙirin, in kin sa cokali kin fasa shi koren ruwa mai ƙamshin na'a-na'a ya kwararo.

Kayan haɗi na mutum huɗu. Na koren cikin: farin cakulan giram 80, madarar ruwa ta gwangwani cokali 3, bota ƙaramin cokali 1, ganyen na'a-na'a ɗanye kamar guda 10, da kalar abinci koriya. Na kek ɗin: baƙin cakulan giram 150, wanda aka rubuta 60% ko 70% a jikinsa, bota giram 100, ƙwai 2 da ƙarin ƙwaiduwa 2, sukari cokali 4, fulawa cokali 2, hodar koko ta kek cokali 1 da ɗan ƙari na barbaɗa gwangwani, gishiri ɗan mitsitsi. Ki karanta bayan takardar cakulan ɗin kafin ki biya, wasu na waje ana sa musu giya musamman masu cike a tsakiya, mu sulɓaɓɓe muke so wanda ba komai a cikinsa. Kuma don Allah ba bekin foda, ba ma son ya tashi ya yi sakayau.

Mataki na farko shi ne koren cikin, kuma tun da rana za ki yi shi don sai ya daskare. Ki ɗora madarar a ƙaramar tukunya ta yi zafi amma kar ta tafasa, ki murtsuke ganyen na'a-na'a da hannu ki zuba ki sauke ki rufe, ki bar shi minti 10 sannan ki tace. Farin cakulan shi ne mai rigima a aikin nan gaba ɗaya, ba ya son wuta ko kaɗan, in ya ji zafi da yawa sai ya dunƙule ya yi tsakuwa-tsakuwa kuma ba ya dawowa, saboda haka ki yayyanka shi ƙanana a kwanon silba, ki tafasa ruwa a wata tukunya ki kashe wutar, sannan ki ɗora kwanon a bakin tukunyar ba tare da gindinsa ya taɓa ruwan ba, ki zuba madarar nan da botan ki yi ta juyawa a hankali har ya zama sumul. Sai kala, ɗigo biyu ko uku, ki duba ki ƙara. Koren da muke nema ba na ganyen alayyafo ba ne, kore ne mai haske mai ɗan ban ƙyama, in kina da kalar rawaya ɗigo ɗaya zai kai ki wurin. Ki zuba a gidan ƙanƙara rami huɗu ki sa a firiza aƙalla awa 2.

Wannan dabara ta daskarar da tsakiya ba tawa ba ce, ta wani kuku ne ɗan Faransa, Michel Bras, da ya fito da ita a 1981, kuma amfaninta shi ne ba sai kin bar ƙullun ɗanye ba kafin ki samu abin da zai kwararo, kek ɗin ya gasu sosai, tsakiyar ce kawai ta narke. Abin dariya Faransawan nan su ne ma suka fi kowa karɓar fim ɗin, lokacin da Amurkawa suka juya masa baya su kuwa suka cika sinima.

In kin san wutar unguwarku ba ta da tabbas kuma ba ki da maƙwabciya mai sola, kar ki fasa. Ki sa guntun farin cakulan biyu a tsakiyar ƙullun yadda suke, koren kuma ki bar shi a ruwa-ruwansa ki zuba a kan kek ɗin bayan ya fito. Ba daidai yake da na ainihi ba amma yana tafiya.

Mataki na biyu, gwangwanaye. In kina da ƙananan kofunan tangaran na gashi da ake kira ramekin to shi ke nan, in babu gwangwanin kek mai ɗan zurfi ya isa, ko kofin silba mara roba a hannu. Ki shafe ciki da bota sosai har lungu-lungu, sai ki barbaɗa hodar koko ki jujjuya ki kakkaɓe sauran. Kar ki barbaɗa fulawa kamar yadda aka saba, za ta bar farin tabo a jiki, tukunyarmu kuwa baƙa ce.

Mataki na uku, ƙullun. Ki narkar da baƙin cakulan da botan tare a kan ruwan zafi kamar ɗazu, shi wannan ya fi haƙuri amma duk da haka kar ɗigon ruwa ya faɗa ciki, ki ajiye ya sha iska ya zama ɗumi-ɗumi. A wani kwanon ki fasa ƙwai biyun ki ƙara ƙwaiduwa biyun da sukari da gishiri ki buga, da mikza minti 3 ya isa, da maburgi ko abin bugun ƙwai kuwa sai kin ɗan ji a damtse, ki yi ta yi har ya yi haske ya yi kauri ya ninka. Ki zuba cakulan ɗin a kan ƙwan a hankali kina juyawa, in kin zuba shi da zafi wainar ƙwai za ki samu, sannan ki tankaɗe fulawa da koko a kai ki juya da cokali daga ƙasa zuwa sama, da zarar kin daina ganin fari ki tsaya. Ki zuba ƙullun rabin kowane gwangwani ki ajiye sauran a gefe. Har nan za ki iya yi tun kafin a fara kallo.

Yanzu sai a kunna fim, minti 80 ne kacal. Gaskiya zan faɗa miki Taran zai ba ki haushi, yaro ne mai cika baki yana ta mafarkin zama jarumi alhali aladiya ɗaya ma ya kasa tsarewa, kuma wurin da suka faɗa ƙasar ƙananan aljanun nan masu fukafukai ya ɗan yi sanyi, a nan za ki iya tashi ki kunna oba. Amma fa ki dubi zanen bayan, gidan sarkin da ke kan tsauni, sararin sama ja da shunayya, yadda ake nuna Sarki Mai Ƙaho daga inuwa kafin a nuna fuskarsa ta ƙoƙon kai da jajayen ido, ga kiɗan Elmer Bernstein yana bi ta ƙarƙashi. Ni wanda ya fi burge ni shi ne tsohon mawaƙin nan Fflewddur, yana da garaya da duk lokacin da ya zuga ƙarya sai tsirkiya ɗaya ta tsinke, da ana sayar da irinta a kasuwa da an huta da mutane da yawa.

Mataki na huɗu, gashi, kuma lokacinsa shi ne sirrin daren. Idan suka isa fadamar Morva wurin mayun nan mata uku, Taran ya ba da takobinsa na tsafi aka ba shi tukunyar, ki danna tsayawa. Ki ciro koren daga firiza ki ɗora ɗaya a tsakiyar kowane gwangwani, kar ki danna shi har ƙasa, ki rufe da sauran ƙullun kar a ga kore ko kaɗan, ki bar ɗan fili a sama. Oba ta riga ta yi zafi a 200°C, minti 13 zuwa 15. Ki gwada da tsinken sakace a gefe, ba a tsakiya ba, in ya fito ba ƙullu kuma saman ya bushe ya ɗan tsage to ya yi.

Mai gashin yashi kuma, ki zuba yashi mai tsabta ko ƙananan duwatsu a gindin babbar tukunya ki rufe ta yi zafi minti 15 tukuna, ki jera gwangwanayen a kan faranti ko murfin da kika kifa kar su zauna a kan yashin kai tsaye, ki rufe ki ɗora garwashi kaɗan a kan murfin don saman ya gasu. Wannan yakan kai minti 18 ko 20, ki fara leƙawa daga minti 15 amma kar ki yi ta buɗe-buɗe zafin ya gudu.

Mataki na ƙarshe, ki bar shi minti 2 kawai, ki bi gefen da wuƙa, ki kifa a faranti ki ɗaga gwangwanin da tsumma. In ya ƙi fita ko kina tsoron ya fashe ki miƙa shi a cikin kofinsa, ai dama tukunya ce. Wanda ke son ƙari ya yanka tuffa sirara ya soya a bota da sukari da ɗan kirfa minti 5 ya ajiye a gefe, saboda Gurgi, wani ɗan halitta mai gashi buzu-buzu da ya fara shiga labarin ta hanyar sace tuffar Taran, kuma tsamin tuffar yana rage nauyin cakulan ɗin don kek ɗin nan yana da gundura in an ci shi shi kaɗai.

Ki kashe fitila ki saki fim ɗin, kuma ki hana kowa fasa nasa sai sarkin ya ɗaga gawar ya saka a tukunya koren hayaƙin ya fara zubowa, tazarar ba ta da yawa kek ɗin zai kai da ɗuminsa. A daidai wurin in kin kasa kunne za ki ji kiɗan ya yi tsalle, nan ne almakashin Katzenberg ya bi, an cire inda hayaƙin ke cinye naman sojojin sarkin. Yara 'yan ƙasa da shekara 7 dai ni da na ba su kek ɗinsu tun da wuri na kai su ɗaki, don ko abin da aka bari ya isa ya hana su fita fitsari da dare.