Yadda Ake Shigar da Takardar da Kwanan Watanta Bai Tabbata ba a Ma'adanar Kwamfuta

Duk wanda ya yi aikin kwashe tsofaffin takardu zuwa kwamfuta, a kotu ne ko ofishin filaye ko ɗakin littattafan wani malami, ya san inda aikin yake cijewa. Manhaja ta buɗe gurbi tana neman rana da wata da shekara, takardar kuwa abin da ta ce kawai "watan Azumi", ko "1953", ko ma ba ta ce komai ba. Akawu yana sauri, sai ya buga 01/01/1953 ya wuce. Bayan shekara biyar babu mai iya bambanta wannan takarda da wadda aka rubuta ranar 1 ga Janairu da gaske. A shari'ar gona ko ta gado, inda magana takan tsaya kan wace takarda ce ta riga wata, irin wannan cikon yana iya raba mutum da haƙƙinsa. Ga yadda ake kauce masa.

Fara da sanin wane kwanan wata kake nema

Takarda ɗaya takan ɗauki lokuta da yawa: ranar da aka rubuta ta, ranar da ofis ya buga mata hatimin karɓa, da ranar da aka ɗauki hotonta. Manhajoji da yawa suna ɗaukar ta ƙarshen da kansu su liƙa wa fayil, sai ka ga wasiƙar zamanin En'e tana ɗauke da kwanan watan bara. A rubuce-rubucen ajami da na Larabci kuma akwai ranar wallafa da ranar da wani almajiri ya kwafe, tsakaninsu ana iya samun shekara hamsin ko fiye. Kowane ɗaya a ba shi gurbinsa da sunansa.

Buɗe gurbi huɗu maimakon ɗaya

Wannan shi ne ginshiƙin aikin. Gurbi na farko na rubutu ne zalla, a kwafe abin da takarda ta faɗa harafi da harafi, ko da akwai kuskure a ciki. Na biyu shi ne lokaci mafi nisa da takardar za ta iya kasancewa, na uku lokaci mafi kusa. Waɗannan biyun su kwamfuta za ta yi lissafi da su, a kuma rubuta su bisa tsarin ISO 8601, wato shekara, wata, rana. Takardar da ta ce "1953" farkonta 1953-01-01, ƙarshenta 1953-12-31, mai karatu kuwa "1953" zai gani. Gurbi na huɗu na dalili ne: me ya sa ka sa waɗannan iyakoki, kuma wa ya sa su.

Manhajar AtoM, wadda gidajen adana tarihi da dama ke aiki da ita, ta zo da irin wannan rabo tun asali: gurbin da ake nunawa daban, na farawa da na ƙarewa daban. Idan taka ba ta da shi, yawancinsu suna barin mai kula ya ƙara gurabe. In kuma ta nace sai an cika gurbinta na cikakken kwanan wata, sa iyakar farko a ciki, ka ƙara alamar da ke nuna kintace ne, alamar da za a iya tace takardu da ita.

Koyi 'yan alamomin EDTF

Ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ne ya jagoranci tsara EDTF, wato tsarin alamomin rubuta kwanan watan da bai tabbata ba, kuma a 2019 aka shigar da shi cikin ISO 8601-2. Amfaninsa shi ne kintacenka ya zama abin da kwamfuta ke ganewa. 1953? na nufin ana zaton shekarar ce amma da shakka. 1953~ na nufin wajejen shekarar. 1953% ya haɗa biyun. 195X wata shekara ce tsakanin 1950 da 1959, 1953-XX kuma an san shekara ba a san wata ba.

Akwai wuri guda da ake yawan zamewa. 1926/1953 ma'anarsa abin ya ɗauki tsawon waɗannan shekaru gaba ɗaya, kamar littafin rajistar da aka yi ta cikawa. Wasiƙa guda da ka san dai a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero aka rubuta ta, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, ba ta ɗauki shekara 27 ana rubuta ta ba. Ita [1926..1953] za a sa mata, wato ɗaya daga cikin shekarun nan. Haka [..1972] yake nufin 1972 ko kafin nan.

Kwanan watan hijira

A nan ya kamata a natsu, domin takardun alƙalai da na malamai a ƙasar Hausa da shi aka fi rubuta su. Shekarar hijira kwana 354 ce ko 355, saboda haka kusan kullum tana ratsa shekarun miladiyya biyu. Shekarar 1232, wadda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a cikinta, ta fara a Nuwamban 1816 ta ƙare a Nuwamban 1817. Takardar da ta ce 1232 kawai, kuskure ne a mayar da ita 1817 a yi shiru. Iyakokinta su ne waɗannan watanni biyu.

Ko da an samu rana da wata da shekara cif, manhajar juya kwanan wata lissafi take yi, mutanen garin kuwa da ganin wata suka yi aiki, don haka saɓanin kwana ɗaya ko biyu ba abin mamaki ba ne. Idan marubuci ya ambaci ranar mako, misali "Talata 12 ga Rajab", an samu sauƙi: nemi Talatar da ta fi kusa da abin da lissafi ya bayar. In bai ambata ba, bar tazarar kwana biyu ta kowane gefe. A tuna kuma dare yana riga yini a wannan ƙidaya, daren Juma'a shi ne wanda ya biyo bayan faɗuwar ranar Alhamis.

Sai ramzi, inda malami ke ɓoye shekara cikin haruffa, kowane harafi da ƙimarsa ta lamba, a ƙarshen waƙa ko littafi. Malaman ƙasar nan da lissafin Magariba suka saba, ba na Gabas ba, kuma ƙimar wasu haruffa ta bambanta. Shin a na Magariba 1000 ne, a na Gabas 300. Haruffan shin, ra, lam, ba za su ba ka 1232 a na farko, 532 a na biyu. Rubuta ramzin yadda yake a gurbin farko, ka faɗi lissafin da ka bi a gurbin dalili. Idan ba ka ƙware ba, kai wa wanda ya ƙware. A Arewa House da ke Kaduna, da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da sashen rubuce-rubucen hannu na cibiyar bincike ta IRSH a Yamai, irin wannan aikin ake yi.

Idan takarda ba ta faɗi komai ba

Kada ka bar ta da "babu kwanan wata" kawai, domin duk binciken da aka yi da shekara zai tsallake ta. Duba jikinta. Kan takarda mai sunan Jihar Jigawa ba zai riga 27 ga Agusta 1991 ba, mai Jihar Katsina ba zai riga 23 ga Satumba 1987 ba. Amma wannan iyakar farko kaɗai yake bayarwa, don ofisoshi kan ci gaba da cinye tsohuwar takarda bayan an canja suna. Rasit da ya ambaci naira da kwabo na sabon kuɗi bai riga Janairun 1973 ba. Ambaton fam kuwa ba hujja ba ce mai ƙarfi a rubutun hannu, tunda mutane sun daɗe suna ce wa naira biyu fam. Hatimin sarki ko na alƙali, kan sarkin da ke jikin ambulan, da alamar jinjirin wata uku da ake gani cikin tsohuwar takardar Italiya idan an ɗaga ta a haske, duk suna taimakawa wajen matse tazara.

Shaidar baka ma tana shiga. Dattijo ya ce an sayi gonar "shekarar Kakalaba", wato yunwar 1913 zuwa 1914. Rubuta maganarsa yadda ya faɗa, ka nuna daga baki ta fito. Ra'ayina shi ne tazara mai faɗi da ka tabbatar ta fi matsattsiya da ka yi zato, ko da ta kai shekara talatin.

Hattara da Excel

Da yawa a nan ake fara tara bayanai kafin a zuba su cikin manhaja. Excel ba ya ɗaukar abin da ya riga 1900 a matsayin kwanan wata. Idan ka buga wata da shekara kaɗai, yakan ƙara ranar 1 da kansa. Shekara mai lamba biyu daga 00 zuwa 29 kuma ƙarnin da muke ciki yake kai ta, sai takardar 1927 ta koma 2027. Ga kuma 03/04, wanda a Najeriya da Nijar 3 ga Afrilu ne, a kwamfutar da ke kan saitin Amurka 4 ga Maris. Mayar da layin gaba ɗaya na rubutu zalla kafin ka buga komai, kuma shekara kullum da lamba huɗu.

Gyara bincike, sannan ka waiwayi tsohon aiki

A jera takardu da iyakar farko. A bincike kuwa, wanda ya nemi takardun 1940 zuwa 1945 ya kamata ya ga duk wadda tazararta ta taɓa waɗannan shekaru: farkonta bai wuce ƙarshen 1945 ba, ƙarshenta kuma bai gaza farkon 1940 ba. Wasiƙar zamanin Abdullahi Bayero za ta fito, da alamar cewa kintace ce.

Rubuta waɗannan ƙa'idoji a shafi guda, kowane ma'aikaci ya samu kwafi, don kada "wajejen" ya zama shekara biyu a wurin wani, goma a wurin wani. Daga nan ka sa manhaja ta ƙirga takardun da aka riga aka shigar bisa rana. Idan 1 ga Janairu ta tara takardu fiye da kima, ko ranar 1 ga kowane wata, ko 1 ga Janairu 1970 da wasu manhajoji ke sakawa idan an bar gurbi fanko, ware su, ka ɗauko asalin kowace ɗaya ka duba abin da ta faɗa. Fara da na filaye da na gado.