Yadda Ake Gano Abin da Ya Sa Fankar A-kori-kura Ke Gudu Ba Tsayawa

Idan ka tayar da a-kori-kurarka da asuba, inji na sanyi ƙalau, amma fanka ta kama ruri kuma ta ƙi sassautawa har ka isa inda za ka, to akwai matsala. Sai dai galibi fankar lafiyarta lau, wani abu ne ke sa ta wannan gudun. Shi za ka nema kafin ka zuba kuɗi a sabuwa.

Fara da tabbatar da cewa injin ba zafi yake yi da gaske ba. Bari ya huce sarai sannan ka buɗe murfin lagireto, don buɗe shi da zafi na iya watso maka tafasasshen ruwa a fuska. Idan ruwa ya ragu, ko ƙurar hunturu da ciyawa sun toshe gaban lagireto, fankar aikinta take yi. Cika ruwan, nemo inda yake yoyo, wanke gaban.

Daga nan duba irin fankar da ke motar. Akwai wadda fambel ke ja, irin ta yawancin Toyota Hilux. Akwai kuma ta lantarki, kamar a Ford F-150 da Chevrolet Silverado 1500 na shekarun nan. Ta lantarki na iya tashi ko da mota a kashe take, saboda haka cire kan batir kafin ka zura hannu.

Wadda fambel ke ja ba ta da wuyar sha'ani. A tsakiyarta akwai kuloci mai man silikon a ciki, wanda ke riƙe fankar da ƙarfi idan iska mai zafi ta buso daga lagireto, ya kuma sake ta idan an yi sanyi. Rurin minti ɗaya ko biyu bayan tayar da mota da safe ba laifi ba ne. Idan ya wuce haka, kashe injin ka juya fankar da hannu. Ya kamata ta juya da ɗan nauyi. In ta ƙage, kulocin ya mutu, sai canji. Leƙa da kyau ko akwai noti ko walda a jikinsa, domin wasu kanikawa kan ɗaure shi da gangan da sunan maganin zafi. Ƙarshenta mai ya ƙara zuƙewa, boris ɗin famfon ruwa ya sha wahala, wata rana fiffiken roba ya tsage ya huda lagireto.

Ta lantarki ce ke buƙatar haƙuri. Mayar da kan batir, ka bar makulli a aljihu. In fanka ta tashi haka nan kuma ta ƙi tsayawa, ka fi zargin rile, ɗan makunnin da ke ba fanka wuta, wato ya manne daga ciki. Buɗe akwatin fiyus, zanen da ke ƙarƙashin murfin zai nuna maka wanda yake na fanka. Zare shi ka musanya da wani mai lamba iri ɗaya, misali na ham. In ta yi shiru, ka gama da kuɗi kaɗan.

In kuwa sai ka murɗa makulli take tashi, bi wayoyinta da ido. A garejojin ƙasarmu al'ada ce a yi wa fanka "dairek", wato a haɗa ta kai tsaye da wutar makulli, musamman ga motar da ta shigo daga Kwatano. Baƙuwar waya naɗe da baƙin tef ita ce shaida. Kai wa mai wayarin ya mayar da ita yadda kamfani ya yi. Dairek ba ya warkar da zafi, ɓoye shi kawai yake yi, ya kuma ƙona injin lantarkin da ke juya fankar da wuri.

Idan wayoyi ba a taɓa su ba, lokacin sa kwamfuta ya yi. Ƙwaƙwalwar mota na samun labarin zafin ruwa ne daga wata 'yar sansa da ke kusa da tamostat, wato abin da ke tsare ruwa daga zuwa lagireto har sai inji ya ɗauki zafi. Da zarar labarin ya yanke ko ya zo a birkice, sai ta saki fanka da ƙarfinta duka don kada inji ya ƙone ba ta sani ba. A lambobin matsala da kwamfuta ke fitarwa, P0117 da P0118 na nuna matsalar sansar ko wayarta, P0480 kuma layin da ke sarrafa fankar. Kada a tsaya ga lamba kaɗai, a duba zafin da kwamfutar ke karantawa. Motar da ta kwana ya kamata ta nuna kusan zafin gari. In ka ga -40, layin a yanke yake, ko soket ya fita, ko tsatsa ta cinye bakinsa. Tsaftace soket ɗin tukuna. Sansar kanta ana auna ta da mita: a Toyota, wajen om 2,400 a digiri 20, ya sauko wajen 300 a digiri 80. In lambar da mita ke nunawa ba ta motsi bayan ka tsoma ta a ruwan zafi, ta tashi aiki.

Tambayi kuma ko akwai tamostat a motar, domin shi ma da yawa an cire shi an yar, wai don ƙasarmu da zafi. Ba tare da shi ba inji kan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, wajen digiri 80 zuwa 90. A motocin Chevrolet wannan kan jawo P0128, kuma da lambar ta fito ƙwaƙwalwar na iya kashe esi ta saki fanka, alhali injin sanyi ne ya yi masa yawa. Sa tamostat mai kyau, a goge lambar.

Saura esi. Kashe shi ka jira ɗan lokaci. In fanka ta lafa, ta wajensa abin yake: an cika gas fiye da kima, ko kondensa ta toshe, ko sansar matsin gas ta lalace. Tashin fanka idan an kunna esi daidai ne, musamman a cunkoso cikin zafin Afrilu. Amma ruri babu sassauci da sanyin safiya na buƙatar mai gyaran esi ya ɗaura geji ya auna matsin gas ɗin.